Ɗana ya shaƙe da gyaɗa, har yanzu hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Daga Jega nake rubutu. Shekaranjiya ina bakin murhu, yayansa mai shekara huɗu ya ba ɗana ɗan wata 9 soyayyar gyaɗa. Shirun da na ji ne ya sa na waiga. Bakinsa a buɗe, ido waje, babu kuka babu tari, leɓensa ya fara baƙi. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Inna, surukata, ita ta fizge shi ta riƙe ƙafafunsa kai ƙasa tana bubbuga bayansa, ɓarin gyaɗar ya faɗo. Amma tun ranar yake tari da dare, numfashinsa na wata ƙara kamar usur. Me zan yi? Kuma idan ni kaɗai ce gida, yaya ake yi?

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya saka wa Inna da alheri. Ki kai shi asibiti yau, kar ki jira gobe. Wannan ƙarar na iya nufin wani ɓari ya gangara huhu. Gyaɗa na da mai, tana kumbura hanyar iska, bayan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon huhu. Ki faɗa wa likita da bakinki cewa gyaɗa ce, domin sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙirji.

Yanzu batun taimakon gaggawa ga yaron da bai kai shekara ba. Idan yana tari da ƙarfi ko yana kuka, iska na shiga, ki bar shi ya yi tarin kina kallonsa. Idan ya yi shiru irin na ɗanki, ki zauna, ki kifa shi rub da ciki a kan hannunki, hannun yana kan cinyarki, kansa ya fi ƙirjinsa yin ƙasa. Ki tallafi muƙamuƙinsa, kar ki matse wuya. Da gindin tafin ɗaya hannun ki buga tsakanin allunan kafaɗarsa sau 5, bugu mai ƙarfi, ba irin na rarrashi ba. In bai fito ba ki juya shi rigingine, ki sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da saitin kan nono, ki danna sau 5. Haka za ki yi ta yi, baya 5 ƙirji 5, kina ƙwala wa maƙwabta kira a nemo abin hawa. In ya sume ya saki jiki, ki shimfiɗa shi a wuri mai tauri, danna ƙirji 30, hura iska 2 ta baki da hanci tare, har a isa asibiti. Riƙe ƙafa a zazzage yaro yana da haɗari, yana iya suɓucewa. Kuma ba a matsa wa jariri ciki irin yadda ake wa babba.

Wata uwa daga Argungu: Mu a nan in ƙayar kifi ta maƙale ruwa muke ba yaro, ko a zura yatsa a zaƙulo. Ba haka ba ne, Anti?

Ma'aikaciyar jinya: A'a, don Allah ku daina. Wanda ba ya numfashi ba ya haɗiya, ruwan zai tafi huhu ne. Yatsa kuma sai in kina ganin abin ƙuru-ƙuru a bakinsa, lalube tura shi ciki yake ƙara yi.

Hajiya daga Yauri: Ni ɗura ce ke cin raina. Na haifi tara, duk na yi musu, a toshe hanci a kwarara kunu, muna ganin gata ne. Sai da jikar maƙwabciyata ta sarƙe da koko a gabana, aka kwana uku a asibiti, sannan na tuba. 'Yata, ki hana yaran gida ba shi gyaɗa, aya da gurjiya. Gyaɗa guda-guda sai ya shekara 5. Kafin nan a daka, a dama masa a kunu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na karanta wa babansu, ya tafi nemo mota. Inna ta ce da ita za mu je, ta ɗauko mayafinta.