Dodannin yaron Garin Malam: baiwa ce ko lalura?

Maƙwabcinsa, unguwar Garin Malam, Damagaram: Assalamu alaikum jama'a. Ga hotunan da na yi alkawari. Yaron nan mai rubuta allunan shagunan aski a layinmu shi ya zana su. Bai taɓa zama gaban wani ya koyi zane ba. Da dare yake yin su a kan kwali da guntayen katako, da ragowar fentin da yake roƙa a gareji. Kawunsa ya rantse ranar Juma'a zai cinna musu wuta. Ni dai ra'ayina, wannan ba fasaha ba ce. Mai cikakkiyar lafiya ba zai zauna ya ƙago halitta mai kan kura da ido bakwai ba. Ko iska ce, ko kai ne ya taɓu. Magani yake buƙata.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou: Wa alaikumus salam Baba. Don Allah ka buɗa hoto na uku sosai. Dodon ya zura harshe cikin rijiya yana zuƙa, harshen kuwa bututun famfo ne. A cikin tumbinsa akwai gari, har da manyan duwatsun nan na Birni. Ƙarƙashin ƙafarsa mata ne a jere da bido rawaya, jarkokin ɗibar ruwa, kowace da kalar zanenta, ɗaya ta goya yaro ta juya baya. Duk wanda ya taɓa tashi tsakar dare neman ruwa a Damagaram ya san wannan dodon. Wanda hankalinsa ya gushe ba zai tsara magana haka ba.

Maƙwabcinsa: Ƴata, ke kika ga ƙishirwa. Ni abin tsoro na gani. Idon bakwai fa?

Majo (ma'aikacin jinya), Sabon Gari: Alhaji, bari in shigo ta ɓangarena. Ba a gane taɓin hankali a jikin kwali. Yana barci? Yana cin abinci? In an ba shi aikin allo yana kawowa a kan lokaci? Yana lissafin kuɗinsa daidai? Waɗannan muke tambaya. Gaskiya ne akwai masu irin wannan zane da suka yi fama da ciwon: Adolf Wölfli na ƙasar Suwis ya shiga asibitin masu taɓin hankali na Waldau a 1895, bai fita ba har ya mutu a 1930, ya bar shafuka kusan 25,000 na zane da rubutu. Amma majinyata nawa suka kwana a asibitin ba su ja ko layi ɗaya ba? Ciwon daban, baiwar daban.

Maƙwabcinsa: Aiki kam yana kawowa. Barcin ne ban sani ba, don fitilarsa ba ta mutuwa da wuri.

Mushe (malamin boko), Zango: Ina tare da Majo. Augustin Lesage mai haƙar kwal ne a arewacin Faransa. Shi da bakinsa ya ce wata murya ya ji a cikin rami tana cewa zai zama mai zane, ya kuwa zama, yau ayyukansa suna gidajen tarihi. Jean Dubuffet, wani mai zane Bafaranshe, ya fara bin irin waɗannan mutane da ba su koyi zane ba yana tara ayyukansu a 1945, kuma a 1976 aka buɗe wa ayyukan gida na musamman a Lozan ta ƙasar Suwis. Kusa da mu ma, Twins Seven Seven na Oshogbo da aljanu da dodannin labaran Yarabawa ya yi suna, har UNESCO ta karrama shi a 2005. Namu ne kawai za a ƙone?

Mai zane, Birni: Mushe, a yi hattara. Twins Seven Seven ya halarci horon zane da wata Baturiya, Georgina Beier, ta shirya a Oshogbo a 1964, ya zauna cikin ƴan'uwansa masu zane, ana duba aikinsa. Ni ban ce yaron yana da lalura ba, amma kada mu kira shi gwani tun yanzu. Ku dubi hannuwan matan, duk yatsun a dunƙule, don bai iya su ba. Kala kam yana da ido, jan da ya sa a bakin dodon ya zauna. Abin da nake tsoro shi ne a kumbura masa kai, wani baƙo ya zo ya kwashe su da ƴan jikkuna saboda yana son abin ban tsoro daga Afirka, shi kuma ya daina koyo.

Ɗaliba: Yaya, a hoto na biyar ya zana faratan dodon ɗaya bayan ɗaya, har da tsagar da ke jikinsu. Wanda ya iya wannan, yatsu ne za su gagare shi? Ina ganin da gangan ya dunƙule su, hannu ne da ya riƙe bido har ya sandare.

Mai zane: Wataƙila. Sai na ga katakon da idona.

Hajiya, Birni: Ƴaƴana, Dodo ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Da shi aka raine mu. Kakata in ta ce gatanan gatananku, sai ta kawo Dodon da ke haɗiye mutane da shanu, har a tsaga cikinsa su fito. Ba wanda ya ce tana da iska. Ita da baki ta yi, shi da fenti. Sai dai ina da ƙorafi ɗaya: jikata ta leƙa wayata ta ga mai idon nan, daren jiya a gadona ta kwana. Kada ya jingina su a bakin hanya inda yara ke wucewa.

Maƙwabcinsa: Allah gafarta Malam, kana ciki ka yi shiru. Batun hukuncin zana surar mai rai fa? Kawun da shi ya kafa hujja.

Malam, Garin Malam: Ina jin ku, Alhaji. Hadisin masu yin sura, da za a ce musu su rayar da abin da suka yi, ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim. Amma malamanmu na Malikiyya sun bambance. Abin da suka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango sun sa shi a karhanci. Wasu malamai sun tsananta fiye da haka, kuma ni kaina ba zan rataye shi a ɗakin da nake salla ba. Ƙonawa kuwa wata magana ce, don dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardarsa, ko da ɗan ƙanenka ne. In yaron ya ce wani abu ke umartarsa yana hana shi sukuni, a yi masa addu'a a kuma kai shi wajen su Majo. In tunaninsa ne yake zubawa, nasiha ta isa.

Mushe: Na gode Malam. In ƙara da wannan: a fadar Topkapi ta Santambul akwai tsoffin zanen aljanu masu ƙaho da wutsiya, waɗanda ake dangantawa da wani mai zane da ake kira Siyah Kalam, sarakunan Usmaniyya suka adana su ɗaruruwan shekaru.

Majo: Abin da ya dame ni, tun ɗazu muna yanke wa mutum hukunci, ba wanda ya tambaye shi. Alhaji, ka taɓa zama da shi a kan zanen?

Maƙwabcinsa: Gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Har yanzu raina bai kwanta da idon nan bakwai ba, kuma ina son Majo ya gan shi. Amma zan sami kawun yau bayan magariba in gaya masa abin da Malam ya faɗa.

Mushe: In yaron ya yarda, akwai ɗaki a gidana da ruwa ba ya shiga, a ajiye su can kafin ƙura ta lafa.

Mai zane: Zan zo tare da ku. Ina da ragowar burushi da yadin zane da zan kai masa, ina kuma son in ga yadda yake haɗa jan nan.

Maƙwabcinsa: To, Alhamis bayan la'asar, lokacin yake dawowa daga Kasuwar Dole. Mushe, ka nemo amalanke, katakon sun fi ƙarfin babur.