"In kunne ya ji, jiki ya tsira": wane ji ake nufi?

Tela, Garwa: Salama a gare ku 'yan'uwa. Ran Lahadi fastonmu ya rufe wa'azi da wannan karin magana, bayan ya karanta Markus 13, inda Yesu ya ce a zauna a faɗake, don ba a san lokacin da maigida zai dawo ba, ko da yamma, ko tsakar dare, ko da carar zakara, ko da safe. Ni dai ban gamsu ba. Kunnena ya ji sarai, amma kafin in buɗe shago ran Litinin rabi ya zube. Ga ɗinkin Kirsimeti ya taru, ga waya ba ta daina kuka. To ina tsirar take?

Direban tirela, Ngaundere: Ɗan'uwa, ai ji a Hausa ba na kunne kaɗai ba ne. In aka ce yaro ba ya ji, kurma ake nufi? Ina yaron mota maigidana ya ce mini, kafin ka gangara dutsen nan na hanyar Garwa, tsaya ka duba birki, ka sa ƙaramin giya. Duk direban da ke ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa zuwa Kuseri ya san wannan magana. Waɗanda motocinsu suka kife a kwanar nan ma an faɗa musu. Kai sauraro ka yi, ba ka ji ba tukuna.

Ɗalibi, Marwa: Baba, a gafarce ni, amma ina ganin an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Gargaɗi ce ta tsira da fata: an ce akwai kura a hanya, ka kauce. Mai bi kuma ba don tsoro yake sauraron Ubangiji ba. Maryamu da ta zauna a gaban Yesu a Luka 10, wace kura take gudu? Marta ce ta cika da hidima har aka ce mata abu ɗaya ne ake bukata.

Uwar zumuntar mata, Kuseri: Ɗana, ku bar Marta ta huta haka nan. Kullum ita ake kafa wa misali, kuma masu kafawar sai sun ci tuwon da wata Marta ta tuƙa suke samun ƙarfin magana. Ka koma ka duba wurin. Ba girkin Yesu ya tsawata ba, damuwa da tashin hankalinta ya ambata. Ni tun asuba nake kan ƙafa, kuma kiran assalatu na maƙwabtanmu shi ke tashe ni addu'a, tun kafin yara su farka su fara neman koko. Sauran kuma a bakin murhu nake yin ta. Wanda ya ce sai na ajiye muciya zan ji muryar Allah, to ya zo ya karɓi muciyar.

Ɗalibi, Marwa: Mama, na karɓi gyara a kan Marta. Amma ai an ce taura biyu ba ta taunuwa.

Uwar zumuntar mata, Kuseri: Taura biyu ita ce Allah da dukiya, Matiyu 6:24. Tuwo ba ya ciki.

Dattijon ikkilisiya, Garwa: Na bi maganganunku duka. Abin da direba ya faɗa shi ne na Yaƙub 1:22, a zama masu aikata magana, ba masu ji kawai ba. Sai dai akwai wani ji da ba a taɓo ba. Yaro Sama'ila, a 1 Sama'ila 3, kunnensa garau yake, cikin dare aka kira shi ya tashi, ba lalaci. Amma sau uku yana zuwa wurin Eli, tsohon firist da yake yi wa hidima. Ya ji kira, bai gane Allah ne mai kiran ba, sai da tsoho ya koya masa abin da zai amsa. Damuwata da zamanin nan ke nan. Ba barci muke yi ba, idonmu biyu har ya yi yawa. Saƙon WhatsApp ya shigo ƙarfe biyun dare, an farka. Ƙungiyar ƙwallon Coton Sport na wasa a filin Rumde Ajiya, minti 90 ba mai gyangyaɗi, ko da zafin Afrilu ne. Amma addu'ar minti 10, sai hamma (ban cire kaina ba, a kan benci na gaba ma an taɓa zungurata). Almajirai a Getsamani aƙalla gajiya da baƙin ciki ne suka kwantar da su.

Kai kuma ɗana na Marwa, kada ka raina tsoron kura. 1 Bitrus 5:8 zaki ma ya ambata.

Tela, Garwa: Baba, zancen WhatsApp ɗin nan kamar ka leƙo ɗakina. Amma har yanzu ba wanda ya faɗa mini yadda zan riƙe wa'azin Lahadi ya kai Laraba.

Direban tirela, Ngaundere: Kana manta awon mai kaya?

Tela, Garwa: A'a, wannan a littafi nake rubutawa.

Direban tirela, Ngaundere: To akwai sauran shafi a littafin ko ya cika?