Kuɗin raya ƙasa na mahaliyya: gyaran firamare ko buɗe kwalejin sana'a?

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum. Ina neman haske daga waɗanda suka san gini da harkar ilimi. A wata mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ta wilayar (jihar) Sinnar a ƙasar Sudan ana ta muhawara kan ɗan kuɗin raya ƙasa da ake sa ran samu. Wasu na cewa a zuba su a makarantun firamare, domin tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 da yawansu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, damina kuma ta ci ganuwarsu. Wasu sun ce samari sun daɗe ba karatu, sun wuce komawa aji, gara a buɗe musu kwalejin fasaha. Kuɗin ba zai ɗauki biyun ba. Wanne ya kamata a fara, kuma da wane lissafi?

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kafin maganar kuɗi, a fara sanin kayan wa ake son ɗauka. A tsarin Sudan, makarantar firamare nauyi ce a wuyan mahaliyya, sakandare tana hannun wilaya, kwalejojin fasaha masu ba da difloma kuwa suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi ta tarayya. Mahaliyya za ta iya ba da fili, har ta tayar da gini, amma ba ita ke amincewa da manhaja ko ba da shaidar kammalawa ba. Idan aka gina kafin a samu wannan amincewa a rubuce, an gina wa jemagu ne.

Sai kasafin. Babi na ɗaya, wato albashi, shi ke lashe mafi yawan abin da ke shigowa, abin da ya rage na gudanarwa da raya ƙasa ɗan kaɗan ne. Aji idan an gyara shi da kyau sai ya yi shekaru bai nemi komai ba sai alli da fenti. Kwaleji kuwa ranar buɗe ta kashe kuɗi ke somawa: malamai, lantarki, mai gadi, kayan koyo masu ƙarewa kowane wata. Ga wani abin da ake mantawa: an dawo da tsarin 6-3-3 (shekara shida firamare, uku mutawassiɗa, uku sakandare) bayan kusan shekara talatin ana tafiya kan 8-3 (takwas firamare, uku sakandare), don haka matakin mutawassiɗa, wato na tsakiya, shi ma yana neman nasa azuzuwan. Ni dai firamare na zaɓa.

Injiniya daga Gadarif:
Baba Sufeto ya yi gaskiya, sai dai "a gyara firamare" ma hanya ce ta zubar da kuɗi idan ba a san ƙasar da ake gini a kanta ba. Sinnar da Jazira da Gadarif duk baƙar laka ce. Da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga gini, da rani ta bushe ta dare har hannu ya shige. Shi ya sa za ka ga aji sabo fil, bai cika shekara uku ba, tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta karkata zuwa ƙasa. Shafe irin wannan tsaga da siminti aikin banza ne, badi za ta dawo.

A fara da zagaya makarantun ɗaya bayan ɗaya, a raba azuzuwan uku: wanda rufi da ƙofa kawai yake nema, wanda bangonsa ya tsage amma bai karkace ba, da wanda harsashinsa ya motsa. Na farkon shi ke maido da yara da yawa a kuɗi kaɗan, shi za a fara. Na ukun a fitar da yara daga ciki yau, a rushe shi.

Idan sabon aji za a yi, mita 8 a tsawo da 6 a faɗi ya ba da murabba'in mita 48, kada a cusa yara fiye da wannan adadi. Ginshiƙai su sauka mita ɗaya da rabi zuwa biyu, har a wuce lakar da ke motsi, zurfin ƙarshe kuma gwajin ƙasa ne zai faɗa. Bangon jan bulo ya zauna kan bim, wato zubin kankaren da ya haɗe ginshiƙan a kwance, a bar rata tsakanin bim da laka, don in ta kumbura ta samu wurin zuwa. Kankare a haɗa shi 1:2:4, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, wato buhu shida zuwa bakwai masu kilo 50 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Rodi mai milimita 12 ko 16, zobban da ke ɗaure shi masu milimita 8 a tazarar santimita 20. A riƙa ba shi ruwa kwana bakwai aƙalla. A nan 'yan kwangila suka fi yin ha'inci, su rage siminti su ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin zubawa, ranar karɓar aiki kuma ido ba ya ganewa. Sai an sa mutum tsaye yana ƙirga buhuna ranar zubi.

Rufin kwano a ɗaure ƙarafansa da rodin da aka binne cikin bim na sama, in ba haka ba guguwar habub ta farkon damina za ta ɗauke shi ɗungurungum. A yi daɓe mai faɗin mita ɗaya da rabi kewaye da gini, mai gangara zuwa waje. Darbejiya kuma a nesanta ta da bango, saiwarta na tsotse laimar gefe ɗaya, ginin ya zauna a karkace.

Malamin Walda:
Malamai, ina tare da ku kan gini, amma kada a yar da samarin nan. Mai shekara goma sha bakwai ba zai zauna da yara ƙanana ba, yankin nan kuma noma ne: tarakta, injin ban ruwa, famfo mai aiki da hasken rana, duk suna neman mai gyara. Abin da suke bukata ba kwaleji ba ne, ɗakin koyon sana'a ne. A ware ɗaki ɗaya a makarantar da aka gyara, a yi amfani da shi bayan la'asar. Kwas na wata uku zuwa shida, mutum goma sha biyar, injin walda ɗaya ga kowane mutum uku ko huɗu, kowa da gilashin kare ido da safar hannu. A nemi cibiyar horas da sana'a ta gwamnati ta jarraba su, takardar ta samu daraja.

Inda abin ke mutuwa: a sayi injuna masu neman wuta mai layi uku alhali garin ba shi da ita, ko a manta da kuɗin sandar walda da faifan yanka ƙarfe, wata biyu komai ya tsaya. Maganinsa, mahaliyya ta ba ɗaliban kwangilar ƙera ƙafafun bencina da tagogin makarantun, kuɗin gyaran firamare ya zama kuɗin kayan koyo.

Hajiya Shugabar Makaranta:
Duk ba ku ambaci bayan gida da ruwa ba, su ne kuwa ke korar 'yan mata idan sun fara girma. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne masai ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya ga maza 50 tare da wurin fitsari, da ruwa lita biyar ga kowane yaro a rana. Ramin ya yi nisan mita 30 daga rijiya, a kuma gina cikinsa da bulo tun daga ƙasa, don a baƙar laka rami tsirara rufzawa yake da damina. Makarantun da aka zauna a cikinsu, masansu sun cika, a kwashe su kafin yara su dawo saboda kwalara.

Ɗan Mai Wurno:
Allah Ya saka da alheri. Injiniya, yaushe ya fi dacewa a fara?

Injiniya daga Gadarif:
Daga Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma hanya ta bushe motar yashi za ta iya shiga. A gama rufi kafin ƙarshen Mayu. Haƙa da jigilar ruwa majalisar iyaye ta kira gayya, amma ɗaurin rodi da zubin kankare a bar wa magini ƙwararre. A riƙe kashi goma cikin ɗari na kuɗin ɗan kwangila, kada a biya shi sai ginin ya ga damina ɗaya.