H.264, H.265 ko AV1: wanne ya dace da bidiyon kokowa?

Mai Kyamara, Tahoua:
Assalamu alaikum. Sana'ata ɗaukar bidiyon bukukuwa da kokowar gargajiya, kuma ina ba mutane a katin memori ko ta WhatsApp. Idan na matse bidiyo da tsarin rage nauyi na H.264, fuskokin ƴan kallo suna fita tangaram, amma da zarar ƴan kokowa sun sarƙe, ƙura ta tashi, sai hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai. Shin in koma H.265, ko AV1 da ake ta yabo?

Injiniya, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba laifin kyamararka ba ne. Duk waɗannan tsare-tsare suna ajiye cikakken hoto guda, sannan a hotunan da ke biye su rubuta abin da ya sauya kawai. Wanda ke zaune bai motsa ba, ƙura kuwa kowace ƙwayarta tafiya take, shi ya sa take cinye kason bayanai. H.264 ya fito a 2003, H.265 kuma a 2013, da nufin ba da inganci iri ɗaya a rabin nauyi. Bidiyon awa ɗaya a megabit 2 cikin daƙiƙa yana kai megabait 900, to ka ga abin da rabi ke nufi ga mai sayen data, ko da yake a ƙaramin hoto ragin ba ya kai haka. AV1, wanda ƙawancen Alliance for Open Media ya fitar a 2018 ba tare da kuɗin lasisi ba, yakan ɗara H.265 matsewa, sai dai yana wahalar da kwamfuta wajen fitarwa.

Mai Gyaran Waya, Tahoua:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ni wayoyin jama'a ke zuwa teburina. Yawancinsu ba su da sashen da ke buɗe AV1 kai tsaye, don haka wayar ta yi zafi, batir ya zube, bidiyo yana tsayawa. Ko a makon jiya wani dattijo ya kawo mini katin bikin ƴarsa da aka yi da H.265: a tsohuwar talabijin ɗinsa kiɗa na tashi, allo kuwa baƙi ƙirin. Ƙanena Mai Kyamara, ka ba mutane H.264 a girman hoto na 720p, ka ajiye H.265 don taskarka.

Injiniya, Yamai:
Na yarda da wannan. Abin da zan ƙara shi ne, a manhajar matse bidiyo ta HandBrake ka daina ƙayyade megabit, ka zaɓi tsayayyen inganci, ka sa lambar ingancin wajen 20, domin manhajar ta ƙara wa wurin ƙura bayanai, ta rage inda ake zaune ana jiran alƙalin wasa. Kuma WhatsApp yana sake matse bidiyo, sai idan ka tura shi a matsayin fayil.

Mai Kyamara, Tahoua:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan gwada da karon da ƙura ta fi yawa, in buɗe shi a wayar maƙwabcina, wadda ta fi tawa tsufa.