Me za mu kira sankarar da ta sake fitowa a ragowar "pancreas"?

Likitocinmu da masu fassarar bayanan lafiya, ga magana a gabanku. An yanke wa mutum ɓangaren gaɓar nan da Turawa ke kira pancreas saboda ƙari, an bar masa saura, daga baya sankara ta sake bayyana a sauran. Me za mu kira wannan da Hausa?

Tun daga sunan gaɓar ake tuntuɓe. Da yawa suna rubuta "saifa", alhali ba ita ba ce. Saifa tana hagu ƙarƙashin haƙarƙari, aikinta tace jini. Pancreas kuwa kwance take a bayan tumbi, tsawonta wajen santimita 15, tana fitar da insulin mai daidaita sukari a jini, da ruwan narkar da abinci. Wutsiyarta ce ke kaiwa bakin saifa, shi ya sa idan ƙarin a wutsiya yake, likita kan haɗa da saifar ya cire. To wanda aka cire wa saifa ɗungurungum, ka ce masa ciwo ya koma "ragowar saifarsa", ai sai ya ɗauka ƙarya aka yi masa a ɗakin tiyata. Ni dai na tsaya a kan "fankiriyas". Insulin ma aro muka yi, ba wanda ya ce uffan.

Wani ɗan'uwa ya ce mu rubuta "dawowar sankara" mu huta. Malam, da a ce a hanta ake magana da na bi ka. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin, ciwon kan dawo musu cikin shekara 2, galibi a hanta, ko fatar cikin ciki, ko huhu, ko gurbin da aka yanke. Wannan tsohon ciwon ne, ƙwayoyinsa ne suka sulale tun kafin wuƙa ta kai gare su. "Dawowa" ta dace da shi.

Ragowar gaɓar ita ce ke da sarƙaƙiya. A ɗauki aikin da ake kira da sunan Whipple, likitan Amurka da ya bayyana shi a 1935: ana cire kan fankiriyas da farkon ƙaramin hanji da maɗaciya, a ɗinke abin da ya rage, wato tsakiyar gaɓar da wutsiyarta, da hanji ko tumbi. Idan ƙari ya fito a wannan sauran, ko dai burbushin na farko ne da ya tsaya a bakin yanka, ko kuma sabo ne fil, domin gaɓar da ta haifi na farko tana iya haifar na biyu. An fi ganin haka ga masu irin ƙarin nan mai tara majina a bututun gaɓar, wanda kan fito wuri fiye da ɗaya, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ya nuna. Sau da yawa hoto kaɗai ba ya raba gardama, sai an gwada naman biyu a ɗakin bincike. Kalmar da za mu zaɓa kada ta yanke hukuncin da likita bai yanke ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo "toho", kamar yadda kututture ke yi bayan sara. Hajiya, kalmar ta yi mini daɗi a baki, amma tana cewa an bar saiwa. Ɗan majiyyaci na jin ta zai ce likita ne bai kwashe ba, ko da kuwa sabon ƙari ne. A ajiye ta sai inda aka tabbatar burbushi ne.

Abin da nake ba da shawara: "sake ɓullar sankara a ragowar fankiriyas". Ɓulla ba ta faɗi daga inda abu ya fito ba, ta ce an gan shi ne kawai. Doguwa ce, na sani, masu kanun labarai za su yi tsaki.

Ga yadda za ta zauna a bakin likita: "Baba, gwajin jini na CA 19-9 ya hau, hoto kuma ya nuna sankara ta sake ɓulla a ragowar fankiriyas ɗinka. Ba ta kai hanta ba, don haka ana iya cire sauran gaba ɗaya, sai dai daga nan allurar insulin da ƙwayar narkar da abinci sun zama na kullum."