Sabon tofon lemuna yana fitowa ɗorawa, ina mafita?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da shawara. Akwai bishiyar lemu a bayan gidanmu a Rikkos, cikin Jos, marigayi maigidana ne ya dasa ta jikin katanga. Tun ruwan Agusta sabon ganyen da take fitarwa ɗorawa ne, wani ma har ya yi fari-fari, amma jijiyoyinsa kore shar kamar an zana raga. Tsofaffin ganyen ƙasa lafiya lau. Na zuba takin NPK sau 2, tokar murhu kuwa a gindinta nake juyewa kullum. Maƙwabcina ya ce in buga mata ƙusa. Wallahi ba na son in rasa bishiyar nan.

Wani dattijo daga Bukuru:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mai shuka. 'Yata, kada ki kusanceta da ƙusa, rauni kawai za ki yi mata, cuta ta samu ƙofa.

Malamin gona:
Hajiya, kin riga kin faɗi alamar da bakinki. Da yunwar taki ce irin ta yuriya, tsohon ganye ne zai fara fashewa da ɗorawa gaba ɗaya. Sabon tofo mai koren jijiya kuwa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, don bishiya ba ta iya kwaso shi daga tsohon ganye ta kai wa sabo. Kuma ba wai babu shi a ƙasar ba ne; jar ƙasar Jos ƙarfen ne ma ya ba ta wannan launi. Ɗaure shi aka yi. Lemu yana son ƙasa mai ɗan tsami, awon pH (ma'aunin tsamin ƙasa) 6 zuwa 6.5. Toka da siminti suna kashe tsamin, sai awon pH ya hau; in ya haura 7.5 saiwa ba ta iya jan ƙarfen. Ki daina zuba tokar tun yau, ki tona gindin a hankali ki gani.

Wata 'yar'uwa daga Farin Gada:
Yaya, ki duba ruwa ma. Gwaibata haka ta yi, ashe ruwan indararo ke kwanciya a gindinta, saiwar ba ta shan iska. Da na fasa masa hanya, tofon da ya biyo baya kore ya fito.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Yarana sun tona da yamma, sai ga ɓaraguzan bulo da dunƙulen siminti har bokiti guda, ragowar ginin katanga. Malam, yanzu sai me?

Malamin gona:
Madalla. A kwashe su tas, a mayar da ruɓaɓɓen takin gargajiya, ban da jikin kututturen. Ki nemi maganin ƙarfe mai rubutun EDDHA a shagon kayan gona, shi ne ke aiki ko ƙasa ta rasa tsami. A dama da ruwa bisa awon da ke jikin leda, a zuba ta inda inuwar rassa ta tsaya. Na feshi ya fi saurin nunawa, sai dai ganyen da ya taɓa kaɗai yake gyarawa. Idonki ya kasance kan tofo na gaba, ki turo mana hotonsa.