Abin da malamai suka ce game da makarantun Montessori

Ranar Asabar muka zauna da wasu tsofaffin malaman firamare, saboda wata 'yar'uwarmu tana son buɗe makarantar yara ƙanana, kuma ta ƙudurta sa mata sunan Montessori. Ga abin da na tsinta.

Kusan duka sun ce ta fara sanin matar da ke da wannan suna tukuna. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko ta yara ƙanana a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a 1907, ga 'ya'yan ma'aikata da ake bari suna gararamba da rana. Tsarinta ba na masu kuɗi ba ne tun asali, kuma wannan ya taɓa ni ƙwarai.

Wata malama ta daɗe tana bayani a kan kayan aiki: kujeru da tebura daidai tsayin yaro, haruffa da aka yanka daga takardar yashi yaro yana bi da yatsa kafin ya riƙe fensir, da 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, babba yana nuna wa ƙarami. Ta ce kafinta na unguwa zai iya haɗa mafi yawansu.

Inda aka fi jan kunne shi ne horar da malami. Malamin da ya saba da bulala da haddar allo zai yi wuya ya koma gefe yana lura, ya bar yaro ya zaɓi aikinsa da kansa. Suka ce kada 'yar'uwar tamu ta rubuta sunan Montessori a allon ƙofa sai ta samu malamai biyu da aka horar sosai, ko da za ta jinkirta buɗewa har zango guda.